Allon mita ya yi duhu, fitilar batir ma ta daina kamawa: daga ina za a fara?

Wani bawan Allah daga Rigasa, a Kaduna, ya turo tambaya. Yana da Camry ƙirar 1999, wadda ake wa laƙabi da fensir. Kwanan nan in ya kunna fitila da daddare allon mita baƙi ƙirin yake, ba ya ganin gudu, ba ya ganin fetur. Ya kai wa wani yaro a gareji, aka ciro mitar aka canza ƙwan fitila biyu, ba abin da ya sauya. Tun da aka mayar da ita kuma, jan hoton batir ɗin nan ya daina kamawa in ya murɗa makulli. An ba shi shawara ya zuba LED, wato ƙwan zamani marar zare, gaba ɗaya ya huta, shi ne yake tambaya ko ya yi hakan.

Malam, kafin ka ƙara kashe ko sisi a kan ƙwai, yau da magariba ka kunna ƙaramar fitila, ka sauko ka zagaya bayan motar. Jajayen fitilun baya suna ci? Ta lamba fa? Na fara da wannan ne domin a mafi yawan motoci hasken allon mita da fitilun baya tushensu ɗaya. Mutum sai ya yi mako guda yana jin haushin ba ya ganin allurar fetur, alhali babbar matsalar tana bayansa: yana tafe a hanyar Zariya ko ta Abuja cikin dare, mai tirela na biye da shi, ba zai hango shi ba sai ya taka birki. In ka tarar na bayan a mace, don Allah kada ka sake fita da dare sai an gyara.

Sannan ka sani fitilun cikin mitar kashi biyu ne, kuma kowane kashi da hanyarsa. Akwai masu haska fuskar allo, waɗanda ba sa kamawa sai ka kunna fitilar waje. Akwai kuma na gargaɗi, wato batir, baƙin mai, birki, cek injin, jakar iska, ABS (na'urar hana tayoyi kullewa in an taka birki), waɗanda makulli ne ke ba su wuta. Yadda ka kwatanta, matsala biyu ce gare ka. Ta farko ita ka je da ita gareji, ta biyu kuma a can ka samo ta. Ta biyun ta fi damuna, amma bari mu bi su daki-daki.

Ƙwai ba sa haɗa baki su mutu rana ɗaya. Idan tsufa ne, sai ka ga yau ɓangaren fetur ya dusashe, bayan wata biyu tsakiyar allon gudu ya yi duhu, haka ɗaya bayan ɗaya. Amma jiya komai tar, yau komai ɗif, wannan wutar ce ba ta isowa, ko kuma ta iso ba ta samu hanyar komawa ba. Shi ya sa canza ƙwai biyun nan bai amfane ka ba. Da an tsaya an tambaye ka yadda abin ya fara, da ba a ma kwance mitar ba. Kana zaune a kujerarka za ka iya tabbatarwa: kunna fitila, ka dubi maɓallan AC da haruffan gefen giya. Layinsu ɗaya da hasken mita. In su ma sun mutu, laifin ba a cikin mitar yake ba. In suna ci mitar ce kaɗai a duhu, to sai a koma kan soket ɗinta da bayanta.

Abu mafi sauƙi, wanda kuma aka fi mantawa da shi, shi ne ɗan maɓalli mai juyawa da ke kusa da sitiyari, na rage haske da ƙara shi. Sau da yawa masu wankin mota ne ke murɗa shi da tsumma ba su sani ba, ko yaro ya yi wasa da shi. Juya shi har ƙarshe, ka dawo da shi, ka maimaita, fitila na kunne. In haske ya ɗan ƙyafta a wani wuri ya ɗauke, cikinsa ne ya ci ƙura ko ya gaji.

Daga nan sai fiyus. A irin motarka akwatin yana ƙasan dashbod ta gefen direba. Nemi guda biyu: mai rubutun TAIL, na amfiya 10, ja ne; da mai rubutun PANEL, na amfiya 7.5, ruwan ƙasa. Na farko na fitilun baya ne, na biyu na hasken allo da maɓallai. Akwai kuma GAUGE, na amfiya 10, wanda ke ba allurai da fitilun gargaɗi wuta. Kada ka yarda da ido kaɗai, domin fiyus kan tsinke a wani lungu da ba a gani. A kunna fitila, a maƙala fitilar gwaji a bodi, wato ƙarfen jikin mota, wanda ta cikinsa wuta ke komawa batir, a taɓa ƙananan ƙarafa biyun da ke bayan fiyus ɗin. Duka biyun su kawo wuta. In gefe ɗaya ya kawo ɗaya bai kawo ba, ya ƙone.

A nan ne mutane suka fi cutar da motarsu. Fiyus ya ƙone, an sa sabo ya sake ƙonewa, sai a ce a sa na 20 ko na 30, ko a naɗa silin waya, ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli. Na sha zaro irin wannan daga akwati, robar wurin ta narke ta yi baƙi, ƙafafun sun manne. Wayar hasken allo siririya ce, an auna fiyus ɗin ne daidai abin da za ta iya ɗauka. Ka ƙara masa ƙarfi, wayar ce za ta ƙone a madadinsa, kuma tana cikin ƙunshi ɗaya da sauran wayoyi a bayan dashbod, inda babu mai gani sai hayaƙi ya fito. Fiyus da ya ƙone sau biyu yana gaya maka ne cewa wata waya mai wuta tana taɓa bodi, sai a nemo ta.

Tambayar da zan yi maka da kana gabana ita ce: an sa maka sabon rediyo kwanan nan, ko irin allon nan na Android? A abin da na gani a wannan sana'a, nan ne aka fi samun ɓarnar. A cikin wayoyin da ke zuwa bayan rediyo akwai ta hasken dare. In fitila na kashe, wannan wayar tana yaudarar mai gwaji, domin ta cikin zaren ƙwayayen tana da hanya zuwa bodi, sai fitilar gwaji ta nuna kamar ita ce wayar bodi. Mai sa rediyon ya ɗaura baƙar wayarsa a kanta, rediyo ya kama, kowa ya watse da rana tsaka. Da magariba ka kunna fitila, bolt 12 ya bi ta wannan wayar ya faɗa jikin ƙarfen rediyo, fiyus ya tafi, wani lokaci har da maɓallin rage haske. In haka ne, a ciro rediyon a zare soket ɗinsa, a sa sabon fiyus a gani. Idan TAIL ne ke ƙonewa, a duba wayoyin da ke lanƙwasawa a hannun murfin but, da fitilar lamba, da gidan fitilar baya da ruwan damina ya kwanta a ciki. A duba kuma ko an cusa ƙwai mai zare ɗaya a gurbin mai zare biyu, domin shi ma yana haɗa layin birki da na ƙaramar fitila.

Akwai wani abu game da Toyota na wannan zamanin da yake rikita yara masu koyo. Maɓallin rage hasken yana kan hanyar komawar wuta ne, bayan ƙwayayen. Saboda haka in ya mutu, mai gwaji zai taɓa gurbin ƙwai ya ga wuta tana nan, ya ce ai wuta ta zo, ƙwai ne. Wutar ta zo, hanyar fita ce ta toshe, kuma alamarsa ita ce ƙafafun gurbin duka biyu za su nuna wuta amma ƙwan ba ya ci. Mai wayarin da ya san aikinsa zai zare soket ɗin maɓallin, ya gano wayar da ta dawo daga ƙwayayen, ya taɓa ta da bodi. Allo ya haska tar, an gano mai laifi. Wannan gwajin kada ka yi shi da ka, domin a soket ɗin akwai waya mai wuta, in ita ka taɓa da bodi ka ƙara wani aikin.

Yanzu fitilar batir. Tunda lafiyarta ƙalau kafin a ciro mitar, zato mafi ƙarfi shi ne ba a mayar da wani abu daidai ba. Ko an ari ƙwanta don gwada wani gurbi aka manta, ko ba a murɗa gidan ƙwan ya zauna ba, ko ɗaya daga manyan soket na baya bai shige sosai ba. Murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa, kada ka tayar, ka ƙirga abin da ka gani. Batir, baƙin mai da cek injin su kama su tsaya har sai injin ya tashi. Ta jakar iska ta kama kamar daƙiƙa 6 ta mutu. Ta ABS, in motar na da shi, ta kama ta mutu. Duk wadda ba ta fito ba a wannan lokacin, ranar da ake buƙatarta ma ba za ta fito ba.

Dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan da zafi shi ne, hasken allo jin daɗin tuƙi ne da kiyaye gudu, amma waɗannan jajayen su ne kaɗai bakin da injin ke da shi. Bel ɗin altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ya tsinke kana tsakanin Kaduna da Abuja, fitilar batir ce za ta gaya maka tun da sauran caji, ka samu ka kai gari. In babu ita, sai dai ka ga fitilun gaba suna dusashewa motar ta mutu a daji. Ta baƙin mai ta fi wannan ma. Injinan Camry na waɗannan shekarun an san su da tara dauɗa in ana jinkirta canjin mai, dauɗar ta toshe rariyar famfo, mai ya daina hawa. Tsakanin kamawar fitilar da bugawar injin wani lokaci 'yan mintuna ne. Gwajinta ba wuya: akwai ɗan maɓalli a jikin injin da ke jin ƙarfin hawan mai, mai waya ɗaya tak, a zare wayar a taɓa ta da ƙarfen injin, makulli na kunne. In fitilar ta kama, maɓallin ne ya lalace. In ba ta kama ba, ƙwai ne ko waya. Ta batir ma haka ake gwada ta daga soket ɗin altaneta, ta wayar da ake wa alama da L, amma sauran wayoyin wurin masu wuta ne, a bar wa mai sana'a.

Mai sayen mota 'yar Kwatano ko ta hannu shi ma ya riƙe wannan ƙirgen. Na sha buɗe mita in tarar gurbin cek injin fanko ne, ko an liƙa baƙin salatif ta ciki an rufe hoton jakar iska. Wani ma jona fitilar jakar iskar yake da ta baƙin mai, don su kama tare su mutu tare. Wannan ha'inci ne, kuma da ran mutane ake yi.

In dai sai an sake buɗe mitar, ka tsaya a yi a gabanka. A fara cire kan batir na negatib, a jira daƙiƙa 90 saboda jakar iska, kuma duk soket mai ruwan ɗorawa na jakar iska ne, ba a taɓa shi. A sauke sitiyari ƙasa, a kwance kusoshin baƙar robar da ta kewaye mitar, a jawo ta a hankali. Robar da ta sha ranar Kaduna sama da shekara 20 ta bushe, ɗan ƙarfi kaɗan take karyewa, kuma in kunnenta ya karye za ta yi ta ƙara a kan kowane gargada. Mitarka ba ta da igiyar da ke juya allurar gudu, da waya take aiki, don haka da an kwance kusoshin za ta fito. Masu Peugeot 504 da 505 kuwa sai sun saki igiyar tukuna, in ba haka ba mitar ba za ta matso ba. Kada a murɗa makulli mitar na cire, kada kuma a taɓa allurai da yatsa.

Juya bayanta ka gani. Za ka tarar da wata 'yar fata ta roba mai laushi, da layukan jan ƙarfe a kwance a jikinta, sirara kamar fatar albasa. Kowane ƙwai yana cikin ɗan gida na roba da ake murɗawa kaɗan ya fito, yana da ƙananan kunnuwa biyu na ƙarfe da ke danne jan ƙarfen. Yawancin ƙwan da ake cewa ya mutu a tsohuwar mota lafiyarsa ƙalau, wurin da kunnuwan ke taɓawa ne ya yi baƙi ko kore. Ƙurar hunturu ta shiga ta kwanta, damina ta zo da laima, ko robar gilashin gaba tana ɗigo, sai tsatsa ta kama. A goge wurin da robar goge fensir har ya yi ƙyalli, a ɗan ɗaga kunnuwan da farce, a mayar. Ban yarda da sandfefa a nan ba, shafa biyu take cinye layin. In layin ya tsinke, a tsallake wurin da siririyar waya da dalma, hannu na sauri, domin robar ba ta jure zafi. Ƙwan da ya mutu da gaske za ka gan shi: gilashinsa ya yi baƙi, ta ciki yana sheƙi kamar an shafa azurfa. Wanda ya fara wannan launin ko yana ci a canza shi, kwanansa ya kusa.

Akwai kuma matsalar wayar bodi ta mitar kanta. Alamarta ita ce ka kunna fitila ka ga allurar zafi ta ɗaga, ko kibiyoyin sigina sun ɗan yi haske dishi-dishi ba ka kunna su ba. Wutar da ta rasa hanyarta ce take bi ta duk inda ta samu. Mutane da yawa sun wanke lagireto, sun cire tamostat, a kan zafin da babu shi, alhali noti ɗaya ne ya saki ko ya yi tsatsa a bayan dashbod.

Ƙwayayen iri biyu ne a mitar Toyota ta lokacin: manya na hasken allo, wat 3.4, da ƙanana na gargaɗi, wat 1.4 ko 1.2. Ka tafi Panteka ko Oriyapata, inda ake sayar da kayan gyaran mota, da tsohon a hannunka, da gidansa, don gidajen suna kama da juna amma ba girmansu ɗaya ba. Kada a ba ka na wat 5 a ce ai ya fi haske. Girmansu ɗaya da babban, zai shiga, amma zafinsa yana narka gidan ya ƙona fuskar allon ta yi tabo. In tsohon yana da 'yar hular roba mai launi, a mayar wa sabon. Tunda an riga an buɗe, a canza na hasken duka lokaci ɗaya, sa'annin juna ne.

Batun LED kuwa, ga ra'ayina. Ba zai warkar da abin da ke damunka ba, domin in fiyus ne ko maɓalli, shi ma ba zai kama ba. Bayan an gyara, in kana so a sa shi a hasken allo, babu laifi: ba ya zafi, ba ya shan wuta. Sai dai ka san yana da gaba da baya, in bai kama ba a zare a juya shi. Maɓallin rage haske ba ya sarrafa shi yadda yake sarrafa ƙwai mai zare. Mai arha kuma haskensa gaba kawai yake harbawa, sai ka ga allon wani wuri ya yi fari fat wani wuri duhu, bayan 'yan watanni ya fara ƙyafce-ƙyafce. Araha ba ta ado. Ka guji shuɗi mai ƙarfi, yana gajiyar da ido a doguwar tafiyar dare.

A gurbin gargaɗi kuwa ban ba ka shawara ba, musamman guda biyu. A tsofaffin motoci da yawa, irin Mercedes da Volkswagen na da masu altaneta ƙirar Bosch, 'yar wutar da ke bi ta cikin ƙwan batir ita ce ke tayar da altaneta ta fara caji. Ƙwai na wat 1.2 yana wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na amfiya, na wat 2 ya fi haka, LED kuwa abin da yake wucewa bai taka kara ya karya ba. Sai ka ga mota ba ta caji sai an taka totur sosai, a yi ta canza batir a banza. Altanetar Denso da ke motarka tana da wayarta daban daga makulli, don haka ba lallai hakan ta same ka ba, amma LED a wannan gurbin yakan yi ta ɗan haske ko komai lafiya, har ka saba ka daina kula shi. Na biyu shi ne ƙwan ƙarewar fetur. A tsofaffin motocin Japan da yawa yana jone ne da wani ɗan abu a cikin tanki da ke buƙatar nauyin ƙwai mai zare kafin ya yi aiki daidai. Ka sa LED, sai ya zauna a kunne ko tanki a cike yake.

In ka lura ƙwayayen motar suna yawan mutuwa, har da na gaba da na baya, a sa mitar gwaji a kan batir. Injin a kashe ya nuna bolt 12.4 zuwa 12.6. Injin na aiki ya nuna wajen 13.8 zuwa 14.5. In ya haura 15, altaneta tana wuce gona da iri, kuma ƙarin kashi 5 cikin 100 kawai a ƙarfin wuta yana rage kwanan ƙwai mai zare da kusan rabi. Wannan awon ka sa a yi maka shi yau ko gobe, tunda a halin yanzu ba ka da fitilar da za ta gaya maka ko motar na caji.

Kafin a ɗaure kusa ko ɗaya, a jona soket ɗin mitar duka, a mayar da kan batir, a murɗa makulli ka ƙirga na gargaɗi da idonka. A kunna fitila, a rufa wa gilashin gaba tabarma ko bargo don wurin ya yi duhu, ka ga ko hasken ya kai kowane lungu. A gwada sigina hagu da dama, da doguwar fitila, a ja birkin hannu a sake. A tayar da injin ka ga jajayen sun mutu. Sannan a ɗaure.